Man Fuskar Rahama

Fuskar Rahama ta fara lalacewa ne 'yan watanni bayan bikinta, kuma duk matan unguwarsu a Hunkuyi sun san dalili, sai dai ba a faɗa a gabanta. Ƙawayenta na Likoro ne suka haɗa mata wani man bilicin gab da biki, wai amarya ba ta shiga ɗaki da duhun fata. Ta kuwa yi fari tas, har danginta suna ta santi. Da man ya ƙare ta bari, sai fatar ta ce ba ta yarda ba. Ƙuraje suka feso mata a kumatu da haɓa, manya masu ruwa, wannan ya warke ya bar baƙin tabo, wancan ya fito a gefensa. Yarinyar da ba ta wuce madubi ba ta tsaya ba, sai ga ta ta kife shi a bayan kwalla.

Mijinta Zakiyyu direba ne. Rake yake ɗauka daga Makarfi, tumatir daga Ikara, ya kai Kudu, wani lokaci sai a yi makonni ba a ga ƙeyarsa ba. Gidan daga ita sai mahaifiyarsa, Inna Hussaina. Masu cewa uwar miji ba ta ƙaunar matar ɗa, wallahi ba su zauna da Inna ba. Maza Allah ya ba ta, 'ya mace ɗaya da ta haifa ko arba'in ba ta yi ba ta koma, saboda haka ranar da aka kawo Rahama tsohuwar ta riƙe ta da hannu bibbiyu. Tare suke cin tuwo a kwano ɗaya, abin da maƙwabta suke yi wa tsegumi.

To, a wani gidan suna ne wata mai bakin tsiya ta dubi Rahama ta ce da ta kusa da ita, "Allah sarki, ko an watsa mata tsakuwa ne?" Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Rahama ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi kamar ba ta ji ba. Inna kuwa ta ji sarai. Ko shinkafar sunan ba ta tsaya karɓa ba, ta dawo gida tana huci, washegari ta sa aka kai ɗan akuyarta kasuwa, ta ce jibi su biyu sai Zariya wajen likitan fata.

Akwai abin da Rahama ba ta gaya mata ba. Ta yi ɓatan wata, na biyu ma ya zo ya wuce shiru. Zakiyyu kaɗai ya sani, shi ya kawo mata abin gwaji a aljihu a zuwansa na ƙarshe, suka gani, ya yi ta dariya shi kaɗai kamar wani taɓaɓɓe. Amma cikin fari a wajenmu ai ba abin faɗa ba ne. Yarinya takan ɗaure zani sama, ta ce zazzaɓi ne, ta yi ta musu har sai cikin ya tona kansa. Ko uwar da ta haife ta ba ta iya duban idonta da wannan magana, balle uwar miji. Rahama ta fi son abin nan da ke cikinta fiye da fuskarta sau dubu, amma da ta furta shi a gaban Inna, gara ƙasa ta tsage ta shige.

Likitar mace ce, mai fara'a da saurin magana. Ta haska fuskar, ta juya ta nan da can, ta tambayi sunan man da aka shafa, ta girgiza kai. Ta ce za ta rubuta wani mai da ake kira ritinoyid, yana gyara irin wannan, amma sai da haƙuri. Sai ta ɗago kai ta yi tambaya kai tsaye, kamar mai tambayar kuɗin mota.

"Kina da ciki?"

Inna na zaune a kujerar gefe, gwiwarta har tana taɓa ta Rahama. Kunya ta lulluɓe yarinyar tun daga kai har ƙafa. Ta dubi yatsun ƙafarta.

"A'a," ta ce.

"Kina shirin ɗauka nan kusa?"

Ta girgiza kai. Inna ta yi gyaran murya ta miƙe, ta ce bari ta ga ko ana sayar da ruwan sha a waje, ta fita ta saki labule.

"Abin da ya sa na tambaya," in ji likitar tana rubutu, "mai ciki ba ta shafa wannan, haka ma mai neman ciki. Ranar da kika ga ɓatan wata, ki ajiye shi ki dawo mu canza miki wani. Kin ji ko?"

Gaban Rahama ya yanke ya faɗi. Ga dama ta samu, ɗakin daga ita sai likita. Amma ta riga ta ce a'a, kuma labulen siriri ne, tana jin tarin Inna a bayansa. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa. Kash, Rahama! Kalma biyu ce fa. Kafin ta tattaro su, labule ya ɗaga, Inna ta shigo da ledar ruwa a hannu.

Sauran bayanin a gaban Inna aka yi, ita kuwa ta haddace shi kamar karatun allo. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, a bari ta bushe ƙarau, in da danshi zai yi zafi. A matso kamar ƙwayar wake ɗaya, ba ƙari, ita za ta ishi fuskar duka. Da dare kaɗai, kuma a fara da sau biyu a mako, sai fata ta saba a ƙara. Ban da gefen ido, ban da kusurwar hanci da leɓe. A bi shi da man laushi. Da safe a shafa man kare rana, a kuma guji ranar. Ban da dilka, ban da halawa, ban da goga lemon tsami, duk a ajiye.

"Fuskar za ta yi ja, za ta yi saɓa, ƙurajen ma suna iya ƙaruwa da farko," in ji likitar. "Kada ku tsorata. Sai an yi wata uku ake ganin amfaninsa."

"In Allah ya yarda," Inna ta ce. "Ni zan tsaya a kanta."

Ta kuwa tsaya. Talata da Juma'a aka zaɓa. Ana idar da sallar isha'i Inna za ta ɗaga murya daga kan tabarmarta, "'Yar nan, yau ranar man likita ce fa." Rahama ta amsa da to, ta shige ɗaki, ta wanke fuska, ta buɗe murfin ta rufe yadda za a ji ƙararsa, ta shafa man laushi kaɗai ta fito tana sheƙi. Inna ta dube ta da hasken tocila ta yi hamdala.

Abin da ya fi ci wa Rahama rai shi ne rana. Kaka ce, an kawo masara daga gona an zube a tsakar gida, ga ɓarewa ga shanya. Inna ta hana ta fitowa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ita ke duƙe cikin rana tsaka tana baza masara, gumi na ɗiga daga haɓarta, in Rahama ta leƙo ta daka mata tsawa, "Koma inuwa! So kike ki ɓata mini magani?" Rahama ta koma ɗaki ta zauna bakin gado, tana jin kanta ɓarauniya.

Ta kira Zakiyyu a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta gaya masa duk yadda aka yi, ta roƙe shi ya sanar da Inna.

"Haba, Rahama," ya ce, ƙarar motoci na tashi a bayansa. "Ni in dubi tsabar idon Inna in ce mata me? Matar da ko sunana ba ta faɗa? Ki ci gaba da dabararki. In na dawo zan biya wajen Gwaggo a Janfalan, ita ta zo ta gaya mata a manyance."

"Yaushe za ka dawo?"

"Mota ta ɗan ba mu matsala. Amma an kusa."

An kusa ɗin nan ta yi tsawo. Inna kuwa ba yarinya ba ce. Kullum da safe in sun gaisa sai ta kama haɓar Rahama ta juya fuskar wajen haske, tana neman jan da aka ce, tana neman saɓar. Babu ko alama. Wata Talata da yamma ta ajiye carbinta ta ce, "Likita ta ce zai yi saɓa, taki fuskar ko gezau. Ko tsoron zafin kike, kina ɗan dangwalawa? Ɗauko mini shi."

"Inna, ina shafawa."

"Na ji. Ɗauko."

Rahama ta ɗauko. Ta wanke fuska a gaban Inna, suka zauna jiran ta bushe, tsohuwar tana yi mata fifita da mafici don a yi sauri. Inna ta matso man a kan yatsa, ta kai kusa da tocila ta auna da ido, ta ga ya ɗan fi wake, ta rage. Ta yi bisimilla. Ta ɗiga a goshi, ta ɗiga a kumatu biyu da haɓa, sannan ta shiga murzawa a hankali, tana kauce wa ido, tana kauce wa leɓe, daidai yadda aka ce. Yatsan nata kaushi gare shi, na mai aikin masara, amma tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya taɓa fuskar Rahama da tausayi irin wannan.

"Inna," ta ce.

"Na'am, 'yar nan?"

Hawaye suka ziraro.

"Ba komai."

"Zafi ko? Yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Kar ki bari hawayen su wanke shi. Wallahi sai matar nan ta gidan suna ta haɗiye maganarta, sai kin fi 'yarta kyau."

Da ta shiga ɗaki ta jiƙa tsumma ta goge fuskar a ɓoye, ta goge har ta yi raɗaɗi, ta kwanta ta dafa mararta tana ba abin da ke ciki haƙuri. Juma'a ma haka aka yi, Talata ma haka. Ko man ne ya kama, ko gugar tsumman ce, oho, fuskar dai ta yi jawur ta fara saɓa a gefen baki. Inna ta yi murna har da 'yar rawa a tsakar gida. Rahama kuwa kullum tana cewa gobe zan faɗa, gobe in mun zauna cin tuwo, gobe in tana juya baya. Goben ta yi ta zuwa tana samun bakinta a rufe.

Wata safiya tana shara sai ta ji marar ta murɗa. Ta dafa bango ta jira ya wuce, bai wuce ba. Da ta duba zaninta sai ta saki tsintsiyar.

"Inna! Wayyo Inna!"

Tsohuwar ta fito da gudu, ta duba sau ɗaya, ba ta yi tambaya ba. Ta yafa mata mayafi, ta fita waje ba takalmi ta tsayar da mai Keke, ta rungume ta har asibitin cikin gari tana ta salati a kunnenta.

Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe su, Sista Martina, babbar mace ce da ta daɗe tana karɓar haihuwa a garin. Ta kwantar da Rahama ta ɗauko safar hannu.

"Cikin wata nawa ne?"

Rahama ta juya fuska bango. Ko a nan ɗin, ko a cikin wannan hali, bakin ya ƙi buɗuwa.

"Ya shiga na uku," in ji Inna.

Rahama ta juyo ta dube ta. Inna ba ta dube ta ba, hannunta kawai ta matse.

An yi abin da za a yi, amma cikin bai tsaya ba. Da azahar Sista Martina ta dawo ta zauna bakin gadon ta faɗa musu a hankali, ta yi musu ta'aziyya, ta ce Rahama yarinya ce, mahaifarta lafiya lau, Allah zai kawo wani. Inna ta yi innalillahi, ta share ido da gefen mayafi. Rahama ba ta yi kuka ba. Tana kallon silin ta yi tambayar da ta daɗe tana cin ta.

"Sista, man ne ko?"

"Wane man?"

"Na fuska. Wanda likita ta ce mai ciki ba ta shafawa."

Rahama ta ji hannun Inna ya saki nata.

Sista Martina ta tambayi sunan man, da yadda aka shafa, da sau nawa. Ta yi ajiyar zuciya. "Ki saurare ni da kyau, ƙanwata. Gaskiya ne ana hana masu ciki, don a kauce wa abin da ba a so. Amma abin da ke shiga jiki ta fata kaɗan ne ƙwarai, balle ɗan wannan da kika shafa. Ɓarin wata uku kuwa, matan da na gani a gadon nan da shi ba su ƙirguwa, kuma ba su taɓa jin sunan man nan ba. Ba zan rantse miki ba, sani sai Allah. Amma in ra'ayina kike tambaya, ba shi ba ne."

Ta faɗa da gaskiyarta, amma ba wanda ya ji ta. Inna ta miƙe tsaye.

"Yaushe likitar ta faɗi haka?"

"Lokacin da kika fita neman ruwa."

"Ruwa!" Inna ta dafa ƙirji. "Ni ƙishirwa nake ji? Na fita ne don ki sake! Na ga matar nan ta yi miki tambayar rashin ta ido a gabana, na ga kin ce a'a, na ce a raina madalla da 'yar mutunci, bari in ba su wuri ta gaya mata gaskiya. Da na dawo na ga ta rubuta, sai na ɗauka kin faɗa, ta ce ba komai." Ta koma ta zauna daɓas. "Tun ranar da kika ture miyar kuka kika ce tana wari na sani. Na haifi shida, 'yar nan. Na yi shiru ne don kar in ba ki kunya."

Sai a lokacin kukan ya zo wa Rahama, mai ƙarfi, har gadon na girgiza. "Inna, na so in faɗa. Wallahi na so in faɗa."

"Da hannuna," Inna take cewa, ba da kowa take ba. "Ina shafa miki kina kuka, ina cewa zafi ne. Da hannuna."

Zakiyyu ya iso bayan kwana biyu, a motar haya. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, ya shiga ɗaki ya zauna kusa da matarsa. Shi ma yana da nasa kason a cikin shirun, ya kuma sani. Da yamma ya fita masallaci bai dawo da wuri ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa sannu, ana cewa ya zazzaɓin, ana amsawa da sauƙi, kowa ya san ba zazzaɓi ba ne. Man kuwa ba wanda ya sake ambatarsa. Rahama ta nemi kwalinsa a kan taga ta rasa, ba ta tambaya ba.

Inna ta ce ko ɓari ne sai an gasa jiki, in ba haka ba sanyi ya shige ta. Ta jawo babbar tukunyar da ta tanada don haihuwar tun watan jiya ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta sa aka kawo itace da ganyen darbejiya. Da hantsi ta dafa ruwa ta sirka, ta kai bayan ɗaki, ta zaunar da Rahama a kan turmi. Wankan jego ne sosai, irin wanda ake yi wa mai jariri, sai dai babu kukan da za a tsaya a saurara daga ɗaki. Ta tsoma ganyen tana fyaɗa mata a baya, a kafaɗa, a mara, tururi na tashi.

Can Rahama ta ce, "Inna, Sista ta ce ba shi ba ne."

"Na ji ta."

"To ki bar sa wa ranki."

"Ke ma ki bari," in ji Inna. Ta sake tsoma ganyen. Ba wadda ta yarda da maganar 'yar'uwarta, kuma kowacce ta san haka.

Da aka gama ta naɗe ta da zani ta kai ta ɗaki, ta kawo kunun kanwa mai zafi ta tsare ta sai da ta sha. Sannan ta ɗauko man kaɗanya ta narka shi a tafin hannu. Ta shafa mata a ƙafafu, ta bi yatsu ɗaya-ɗaya. Ta shafa a baya, ta murza kafaɗu da wuya. Rahama ta lumshe ido ta ɗago fuska, tana jira, don fatar ta bushe tana ja, tana son hannun nan a kanta fiye da komai a duniya.

Ba ta ji komai ba. Ta buɗe ido ta ga hannun Inna tsaye a iska, dab da kumatunta. Tsohuwar ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi ƙoƙari, hannun ya ƙi ƙarasawa.

"Ungo," ta ce, ta ajiye mata kwalbar a cinya. "Shafa da kanki, 'yar nan."

Ta fita da sauri. Rahama na zaune da kwalbar a hannu ta jiyo ta a bayan rumbu, tana kuka tana toshe baki da mayafi don kar a ji.